Dokin Ƙofar da Sayibu Ya Fasa

Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta ƙaraso, kunnuwanmu na jira.

To, a unguwar Nima aka yi wannan, wani zango a birnin bakin teku, 'yan shekaru bayan Turawa sun sauke tutarsu. Akwai wata mai koko, Mma Abiba, 'yar fataken goro daga Salaga, gidanta na kan tudu. Ɗa ɗaya Allah ya bar mata, Sayibu, magini. Da yake ɗan fari ne, bakinta bai taɓa kama sunansa ba. "Kai wannan" take ce masa, in ta so tsokana kuma ta ce "Mai siminti".

Tsakanin Nima da unguwar Maamobi akwai wani kwari, a tsakiyarsa akwai wani rafi da ake kira gota. Da rani akuya ma tsallake shi take yi. Da damina kuwa, duk ruwan da ya sauka a unguwannin sama nan yake haɗuwa ya nufi teku. Shi ya sa gidajen da ke kusa duk an ɗaga musu dokin ƙofa, bulo biyu ko uku, sai ka ɗaga ƙafa kafin ka shiga ɗaki. Da yawa cikinsu hannun Sayibu ne ya ɗora su.

Ranar sunan ɗansa Fatawu, an shimfiɗa tabarmi, an sauke tukwane, sai hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Cikin baƙi akwai wani mutumin arewa mai yawo da akwatin turare, ana ce masa Maiturare. Ya miƙe, ya kama bakin rawaninsa ya ƙulla, ya yi tofi. Hadarin nan ya juya ya yi teku, ko ɗigo bai sauka ba.

Mma Abiba tana rabon ƙosai ta ce, "Hadarin bakin teku ai haka yake, ya cika baki ya wuce." Ba wanda ya ji ta. Kowa ya tafi taɓa rawani.

Gaskiya mutumin yana da murya. In ya ja baiti, ƙaton ɗan dako daga kasuwar Agbogbloshie sai ka ga yana share hawaye da bayan hannu. Ya san sunan kowa, ya san garin da kowa ya baro. Kafin shekara ya ajiye akwati, ya zama Baba. Ya ɗaura wa kowane mabiyi zare mai ƙulli a hannu, ya ce an nuna masa wurin da za su zauna tare: cikin kwarin, gab da gota, inda ko mahaukaci bai taɓa kafa bukka ba.

Sayibu ya yi ginin, ɗakuna da zauren zikiri, kuma ya ɗaga musu dokin ƙofa yadda ya saba. Baba ya zo dubawa, ya tsaya a bakin zauren, bai ɗaga ƙafa ba.

"Sayibu ɗana, wannan na mene ne?"

"Na ruwa ne, Baba."

"Wane ruwan? Wanda na ɗaure?"

Iyakar abin da ya ce ke nan, yana murmushi. Sayibu ya ɗauko guduma ya bi ƙofa ƙofa, ya farfasa su duka.

Da labari ya kai tudu, Mma Abiba ta bar tukunya a wuta ta gangara. Ta iske shi yana kwashe ɓaraguzai.

"Kai wannan, wa ya koya maka gini? Shi ko ubanka?"

"Mma, wanda ya bar bulo a ƙofarsa, a zuciyarsa ma akwai bulo."

"Ka ji maganar mai turare. Ruwa yana jin ƙamshi ne?"

Ya yi dariya, ya karɓi kwanon kokon da ta riƙo masa, ya shanye. Yaro ne mai ladabi, wallahi, bai taɓa ɗaga mata murya ba. Ji ne kawai ya daina.

Ta je wurin liman. Liman ya yi wa'azi ran Juma'a, mutanen Baba suka daina zuwa Juma'a. Ta je wurin sarkin zango, ya ce ƙasa ba tasa ba ce, kuma ɗanta babba ne, ba a yi masa dole. Ta dawo ta roƙi ɗanta abu ɗaya, ya bar mata Fatawu a tudu har damina ta wuce. Ya ce ai wannan ma dokin ƙofa ne. Matarsa Zelia tana zaune tana tsince shinkafa, ba ta ɗago kai ba.

Damina ta kankama. Wata ranar bayan azahar ruwa ya tsuge, irin wanda ba ka ganin gidan maƙwabci. Mma Abiba ta ji gota ta fara ruri, ta yafa buhu a ka, ta gangara tana dafa bango.

Duk suna cikin zauren, maza gaba, mata baya, suna zikiri. Ƙa'idarsu ita ce ba mai tashi sai Baba ya tashi. Shi yana kan dakali, ido rufe, ƙullin rawani a tafin hannunsa. Ruwa ya riga ya shigo salun-alun, ba abin da ya tare shi, ja da shi kamar kunun kanwa. Takalma suna yawo a kai. Mutane na zaune, ruwan ya kai musu ƙugu, amma ba wanda ya yarda ya zama na farko.

Ta kutsa wurin mata ta sami Zelia da goyo.

"'Yata, tashi. Don girman Allah tashi."

Zelia ba ta waiwayo ba, bakinta bai bar zikiri ba. Sai dai hannunta ya tafi ƙirji a hankali, ya kwance ƙullin majanyi. Yaron ya zamo baya, kakarsa ta tare shi.

Sannan ta hango ƙeyar ɗanta a sahun gaba, kusa da ƙafar Baba. Ta ce, "Kai wannan." Zikiri ya cinye muryar. Ta ce, "Mai siminti." Bai motsa ba. Sai matar nan ta buɗe baki, a gaban maza, ta kira sunan da ba ta taɓa kira ba tun ranar da aka raɗa shi.

"Sayibu."

Ya juyo. Ya dube ta, ya dubi yaron a kafaɗarta, idonsa ya cika. Har ya dafa gwiwa zai miƙe. Baba bai buɗe ido ba, ya dai miƙa hannu ya ɗora a kansa. Sayibu ya koma ya zauna.

Ruwan ya kai mata gwiwa, yaron na tsala kuka. Hannu biyu gare ta, kuma duk suna riƙe da Fatawu. Ta fita.

Ruwan sama ya ɗan lafa, daga kan tudu ta ga sauran. Bangon baya ya faɗi, sai a lokacin mutane suka watse, wasu suka kama bishiya, wasu suka kama juna. Ta ga ɗanta ya fito da Baba a wuya, ruwa iya ƙirji, ya kai shi jikin ɗakin da ya rage a tsaye, ya tura shi kan kwano. Ta ga ya miƙa hannu shi ma zai hau. Daga nan ba ta ƙara ganinsa ba.

Washegari aka sami Sayibu can ƙasa wajen gada, zaren yana hannunsa. Shi da waɗansu mutum shida aka yi wa sallah. Baba ya sauko daga rufi, mabiya suka ce gota ba ta taɓa ko gefen rigarsa ba, suka yi ta kabbara. Suka ce ƙullin bai kwance ba sai da mai shakka ta tako zauren, kuma kowa ya san wadda ake nufi. Wasu har suka daina sayen kokonta.

Maiturare ya tashi da jama'arsa zuwa wani gari, an ce can sun ninka. Zelia ta rayu, ta yi takaba, ta bi su, ba ta dawo ba. Fatawu ya tashi a hannun kakarsa, ya zama direban babbar mota. Mma Abiba ta ci gaba da dama koko a kan tudu har ƙarfinta ya ƙare, kuma a nan aka binne ta. Kwarin kuwa, bayan damina biyu wasu baƙi suka zo suka sake gini a cikinsa.