Ɗakin da Na Gina wa Kare

Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, kujerar bakin taga ta zama garinsu. Likita ya ce ƙafar za ta dawo idan ya riƙa taka ta. Idan bai taka ba, shi ke nan. Da farko yana zuwa wata cibiya a nan Handsworth, unguwarmu a ƙasar Turawa, inda ake tara masu irin ciwonsa su ɗaga ƙafa su sha shayi. Sai council, wato ƙaramar hukuma, ta ce babu kuɗi, aka garƙame wurin. Shekarar ce aka bi komai da kwaɗo, har wurin da muke buga ƙwallo. Baba ya dawo gida ya zauna.

Ni ma a zaune nake. Na gama sakandare, kuɗin jami'a ya fi ƙarfinmu, aiki kuma sai dai a ce za a kira ni. Don haka ni ne ɗan jinya. Kullum in ce, Baba mu zaga layi. Kullum ya ce gobe.

Abu ɗaya na lura da shi. Idan wani ya wuce da kare, Baba yana miƙewa, har ya dafa taga ya bi su da kallo. Bafulatanin Mubi ne. Kafin boko ya mai da shi akanta ya yi kiwo, kuma yana da wani kare, Duna, wanda har yau ba a gama ba mu labarinsa ba. Duna ya kori kura. Duna ya gano ɗan maraƙi a kwazazzabo. Duna ya fi wasu 'yan uwanmu hankali.

Muna cin abinci na ce mu samo kare.

Umma ta ajiye cokali. Ta tambaya ko a gidan nan da ake salla nake nufi. Baba ya ɗago, ya ce ai mu Malikawa ne, a mazhabarmu kare mai rai ba najasa ba ne. Ya jawo malamai, ya jawo littattafai. Rabon da in ji ya yi doguwar magana haka tun kafin asibiti. Umma ta ce mazhaba ba ta wanke kafet, kuma ita ba za ta kori mala'ikun gidanta saboda wani Duna da ya mutu tun zamanin soja ba. Suka yi ta yi har shayi ya huce. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa kare zai zo, amma a bayan gida, ba zai taka ko dokin ƙofar kicin ba.

"Kuma kai za ka kwashe kashinsa, Ja'afaru," in ji Umma. "Ba ni na haife shi ba."

Muka ɗauki tasi zuwa gidan da ake tara karnukan da aka yasar, can bayan gari. Baba ya ce zai jira a mota. Da ya ji haushi sai ga shi ya fito da sandarsa. Duk karnukan suna ihu suna tsalle, kowa na tallar kansa, ban da guda ɗaya. Dogo ne siriri, baƙi, furfura ta cika masa baki. Aka ce tsohon karen tsere ne, ya yi ritaya, sunansa Biscuit. Yana kwance yana kallonmu kamar ɗan fansho a layin banki.

Baba ya ce wannan ai karen farauta ne. Aka ba shi igiya. Suka kama tafiya a filin wurin. Idan ƙafar Baba ta ja ƙasa, karen sai ya tsaya ya kau da kai, kamar ba shi yake jira ba. Suka je ƙarshen filin suka dawo. Ina tsoron in yi magana ya tuna ba ya iya tafiya.

Wata Baturiya mai suna Maureen, ita ce mai kula da bayarwa, ta ce kafin a ba mu sai ta zo ta ga gidanmu.

Mu abin da muka ji shi ne za mu yi baƙuwa. Umma ba ta son kare, amma ta fi ƙin a ce an zo gidanta an raina. Ta shiga wanke labule. Ni kuma na shiga gini. Na tsinto katako inda ake gyaran wani gida a Lozells, na yi wa karen ɗaki a bayan gida. Rufi mai hana ruwa, ragowar kafet, har da 'yar taga. Na shafa koren fenti.

Maƙwabciyarmu, Anti Celestina, ta leƙo ta saman shinge. Nas ce, 'yar Jos, Hausarta ta fi tawa.

"Ja'afaru, ɗakin amarya kake ginawa ba ka gaya mana ba?"

Na ce na kare ne. Ta yi dariya ta ce Allah ya ba mu sa'a, domin ita bara ta je wurin mutanen nan sun hana ta. Wai tana wuni a asibiti, karen zai zauna shi kaɗai. Ita da ta tashi a Bukuru cikin karnuka har ba a san adadinsu ba.

Ranar da Maureen ta zo, ta tarar da tebur ba masaka tsinke. Masa, miyar taushe, shinkafa, kaza, zoɓo. Ta ce ta ci abinci. Umma ta yi kamar ba ta jin Turanci, ta zuba mata. Ta ci kuwa, har ta ƙara. Tana ci ta tambayi me karen zai riƙa ci. Umma ta gyara zama, ta ce a gidanta ko kyanwa ba ta kwana da yunwa. Duk abin da ya rage nasa ne, tuwo, miya, ƙashin kaza. Maureen ta ajiye masar hannunta. Ta tambaya ko akwai albasa a miyar. Umma ta dube ni, ta ce in tambaye ta wace miya ce babu albasa. Ashe albasa guba ce ga kare, ƙashin kaza kuma yana tsaga musu hanji. Na yi sauri na ce za mu sayi nasu abincin na buhu.

Sai ta tambayi wurin kwana. Nan ne muke da ƙarfi. Baba da kansa ya miƙe, ya ja ta zuwa bayan gida, ya nuna ɗakin da sandarsa kamar shi ya gina. Ta durƙusa ta leƙa. Ta yaba tagar. Ta ce zai ji daɗin hutawa a ciki da rana, to da dare fa?

"Nan ɗin dai," in ji Baba.

Ta miƙe tana kakkaɓe gwiwa. Ta yi mana bayani a hankali, kamar mai yi wa yara. Irin wannan karen ba shi da kitse, ba shi da gashi, sanyin hunturu zai iya kashe shi. Kuma su ba sa ba da kare ya kwana a waje, kowane iri ne. Baba ya ce Duna bai taɓa kwana a ɗaki ba, kuma tsufa ne ya kashe shi. Ta tambayi a ina. Ya ce Mubi. Ta tambaya ko ƙanƙara na sauka a Mubi.

Duk da haka Umma ta ƙulle mata masa a leda ta tafi da ita.

Washegari Baba ya sa na juya masa kujera ta ba taga baya. Ya ce haske na damun idonsa.

Na kira Halliru, ɗan yayar Umma. Yana digiri na uku a Manchester a kan siminti, yana zaune a wani flat a Hulme, kuma babu abin da bai sani ba. Ya ce su waye ma da za su zo suna leƙa mana gida kamar masu binciken aure. Ya san wani mai kiwon karnuka, ba ya tambaya, ka biya ka ɗauka. Kwikwiyo ne sabo fil, ba ragowar wani ba. Na gaya wa Baba. Bai juyo ba. Sai da na sa takalmi zan fita ya yi magana.

"Ka ga uwar. Mu ba ma ɗaukar dabba ba mu ga uwarta ba."

Na hau bas. Manchester ana ruwa, kamar kullum. Da farko mutumin ya ce mu same shi a gonarsa. Muna hanya ya ce a'a, mu haɗu a wurin ajiye motoci na wani babban kanti, ya fi mana sauƙi. Ya zo da farar mota, ya buɗe baya. 'Yan kwikwiyo ne a kwali, suna rawar sanyi, idonsu duk kwantsa. Warin ya riga su fitowa. Ya ce irin karen 'yan sanda ne, jinin asali. Ko sunana bai tambaya ba.

Na ce ina uwar. Ya ce tana gida tana hutawa. Na ce mu je. Ya ce da nisa. Na ce hoto fa. Ya ce wayar da ke da hoton ta lalace.

Halliru ya matso yana riƙe da lema, ya koma gefe kaɗan don kada wani ya lashe shi.

"Kai dai ɗauki ɗaya mu tafi, malam. Kare kake nema ko suruka?"

Na ɗauki ɗaya. Yana da ɗumi. Ya cusa hanci a hannun rigata, saura kaɗan in ce a ba ni. Sai na tuna inda zai kwana, shi da ko yaye bai isa ba. In ma ya rayu, baɗi zai kai ɗan maraƙi, ya ja Baba a ƙasa daga gida har Soho Road. Ba zai tsaya ya kau da kai ba. Na mayar da shi cikin kwalin.

Halliru ya yi ta mita har tasha, wai na ɓata masa rana. Amma shi ne ya ɗauki hoton lambar motar, shi ne kuma ya kira masu kare haƙƙin dabbobi. Bakinsa ne kawai ba kyau.

Na iso gida da la'asar hannu rabbana. Ina tunanin me zan ce wa Baba, sai na ji ana buga katako a baya. Umma ce, ta ɗaura zani a kan rigar sanyi, tana dukan shinge da gudumata. Anti Celestina na ɗaya ɓangaren tana ba da umarni.

"Yauwa. Zo ka cire min allon nan," in ji Umma.

Ashe da na tafi ta miƙa wa Anti Celestina ragowar miyar taushe ta saman shinge, hira ta yi hira. An hana Anti Celestina kare saboda rana, an hana mu saboda dare. Anti Celestina ta ce karen zai kwana a gidanta, kan kujera ma in ya ga dama. Da safe in za ta asibiti ya ƙetaro, ya zama na Baba. In ana ruwa ko sanyi, ga makullin kicin ɗinta, Baba ya je su zauna can. Na tambayi Umma batun mala'iku. Ta ce ita na gidanta ta sani.

"Namu sun saba," in ji Anti Celestina.

Maureen ta dawo. Wannan karon Umma ba ta yi maganar ƙashin kaza ba. Maureen ta duba gida biyu, ta bi ta ƙofar shingen ta shiga ta fita, ta ce ba ta taɓa ganin irin wannan ba, amma ba ta ga dalilin hanawa ba. Ta tambayi wane ne mai karen. Baba da Anti Celestina suka amsa tare. Umma ta ce ita dai ba ita ba ce.

Baba na kiransa Duna, Anti Celestina na kiransa Biscuit. Ba ya amsa ko ɗaya, sai ƙarar buhun abinci. Ɗakin da na gina kuwa sau ɗaya ya sa kai, ya shinshina, ya fito. Yanzu doya da dankalin Umma ne a ciki.

Da safe yakan zo ya tsaya daga wajen ƙofar kicin, daidai inda aka yi masa iyaka, ya zuba wa Baba ido. Shi bai san gobe ba. Farko ƙarshen layi suke kaiwa. Sai shagon mai jarida. Sai ƙofar park, filin shaƙatawa. Likitan Baba ya tambayi wane magani muka canza.

Ni nake bin su a baya da leda, wannan dai aikina ne. Wata safiya na ɗauko rigar sanyi kamar kullum, Baba ya miƙo hannu ya karɓi ledar ya cusa a aljihu.

"Zauna. Je ka nemi aiki, ka ishe mu."

Suka fita ta ƙofar Anti Celestina. Na koma falo. Umma ta riga ta juya kujerar ta fuskanci taga, tana kai, tana kallon su biyun suna jan ƙafa har suka sha kwana. A kicin akwai wata 'yar tukunya a kan wuta, naman kaza ne zalla, an zare ƙashi, babu albasa. Na tambaye ta na waye. Ta ce cikinta ne ke damunta kwana biyu.