Kaffarar da Aka Kai Tsafe

A Furfuri in an ce "rediyo ya faɗa", to Malam Tukur ake nufi. Ba shi kaɗai ke da akwatin ba. Gidaje da dama na da shi, wasu a rataye jikin ƙusa, batirinsu ya mutu tun bara. Amma Tukur ne ke saurare kamar mai ɗaukar karatu. Da safe ya kama Landan, ya juya Jamus, ya leƙa Amurka, ya dawo Kaduna, sannan bayan la'asar ya fito gindin durumin ƙofar gidansa ya warware wa mutane abin da kowace tasha ta faɗa da abin da ta ƙi faɗa. Wannan na biyun ya fi yi masa daɗi. Manomi ne mai rufin asiri, mai son a ce masa "gaskiyarka", kuma abin haushin shi ne yawanci gaskiyar tasa ce.

A zaɓen shugaban ƙasa na 1993, Tukur ne ya bi gida-gida yana tattaro mutane. Ya ce musu wannan karon soja za su tafi. Suka bar noma a tsakiyar damina suka sha rana a layi. Da aka soke zaɓen, kunya ta kama shi irin wadda ba ta barin mutum ya ci tuwo. Ya miƙe a gindin durumin nan, gaban kowa, ya ce wallahi tallahi ƙafarsa ba ta ƙara shiga layin zaɓe, bakinsa kuma ba ya ƙara tura kowa. Magidantan da ke zaune suka amsa, "Wallahi mu ma." Har Bawa, tsohon da ba ya jin magana sai an ɗaga murya, da aka maimaita masa sai ya rantse sau biyu don kada a bar shi a baya.

Shekaru suka shuɗe, soja suka yi ta shirya zaɓe suna rushewa, kowane karo Tukur na ƙara tsayi a idon mutane. Da shugaban soja ya rasu a 1998, wanda ya gaje shi ya ce zai miƙa mulki, aka buɗe rajistar masu zaɓe. Sai ji-ta-ji-ta ta ratsa gari cewa da katin zaɓen za a raba taki. Mutanen durumi suka ruga suka yanka, suna cewa ai layin taki daban, layin zaɓe daban, rantsuwarsu na nan. Tukur ya yi musu dariya har da hawaye, ya ce babu tashar da ta faɗi haka. Shi bai yanka ba.

Ana cikin haka Jatau ya tsaya takarar kansila. Jatau ɗan gwaggonsa ne, abokin wasansa, tare aka yi musu kaciya, tare suka yi kiwon awaki. Ya yi aikin malamin gona har ya aje, kuma duk burinsa bai wuce taki ya riƙa isowa kafin shuka ba, maimakon bayan gero ya yi kai. Abokin takararsa, Alhaji Bello, ɗan kwangila ne mai motoci da mawaƙa.

Akwai wata tasha da ake kamawa garau a yankin, ba sai na kama sunanta ba. Jatau ya tafi har Tudun Wada a Gusau ya sami wakilinta a gida, ya yi masa bayani mai tsawo a kan taki da rijiyoyi, na'ura na ɗauka. Ranar da aka sa hirar, Tukur na riƙe da rediyo a cinya. Aka ji muryar Jatau ta ce, "Assalamu alaikum, ina gaida jama'a." Shi ke nan. Sai kalangu ya ɓarke, mawaƙi ya shiga wasa Alhaji Bello, daga nan mai karanta labarai ya ce masu lura da al'amura sun tabbatar Alhaji ba shi da abokin karawa. Mutanen durumi suka kwashe da dariya. Tukur ya yi murmushi don kada a gane, amma abin ya sosa masa rai ƙwarai, domin ya san abin da aka yanke ya fi abin da aka bari.

Washegari da hantsi Jatau ya same shi a masussuka ana bugun dawa. Bai yi masa wasan da suka saba ba. Ya zauna kan dami ya cire hula.

"Tukur, na san ba ka da kati. Ba ƙuri'a naz zo nema ba."

"To mi kaz zo nema? Dawa?"

"Bakinka. Mutanen ga suna da kati, kuma suna so na, amma sun ce akwai rantsuwa. Rediyo ya hwaɗa musu an gama, kai kuma ka hwaɗa musu banza ne. Tsakanin ku biyu kun rufe man ƙofa. Rediyon ba ni iya mai komi. Kai ko ɗan kawuna ne."

Tukur ya ce rantsuwa ba riga ba ce da za a tuɓe.

"Tambayi liman," in ji Jatau. "Abu guda nika roƙo. Ka tashi gindin durumin nan inda kar rantse, ka ce ka warware. Tun muna yara ban taɓa roƙonka komi ba, sai wanga."

Tukur ya dubi furfurar da ta cika kan Jatau, tausayi ya kama shi. Ya ce, "Na ji. Za ni yi."

Da Tukur ya je ya tambaye shi, liman bai ja maganar ba. Ya ce wanda ya rantse a kan abu, daga baya ya ga waninsa ya fi alheri, sai ya yi kaffara ya aikata alherin. Mai hali ya ciyar da miskinai goma, wanda ba shi da hali ya yi azumi. Ya ƙara da cewa ga mabukata nan a bayan masallaci, a auna musu yau a wuce wurin.

A nan ne Tukur ya yi lissafin da ya kai shi ƙasa. In ya auna hatsi a Furfuri, kafin magariba gari ya ɗauka: Malam Tukur ya karya rantsuwa. Za a tambaye shi, to shekarun nan biyar fa, wa ya yi kuskure? Sai ya tuna ai an fi son a ɓoye sadaka, ya kama wannan ya riƙe gam, kamar shi ya fara jin ta. Ya ɗaure buhun gero, ya ce wa iyalinsa ziyara za shi. Ya hau mota zuwa Bungudu, ya sauya zuwa Gusau, ya ratsa tasha yana kauce wa idon sani, ya shiga ta Tsafe, inda ƙanwarsa Suwaiba ke aure.

Suwaiba ta aika aka kira mabukatan unguwa, ta auna musu da kanta. Da suka watse ta tsaya tana kaɗe zane.

"Yaya, Furfuri miskinai sunka ƙare ne, har ka ɗauko gero ka ratso Gusau da shi?"

"Sadakar ɓoye ta fi lada."

"Haka malamai sunka ce. Amma ni na ji a gaban mutane kar rantse."

Ya ce mata ta kawo masa ruwa, ya ga alama surutu ya ƙaru mata tun da ta zo Tsafe.

Ya dawo gida da nauyin Allah a sauke, na mutane kuwa yana nan. Kullum bayan la'asar yakan fito da niyyar faɗa. Sai wani ya ce, "Malam, mi Landan tac ce?" Sai ya shiga labarin Bagadaza da na jiragen yaƙi, ya bi ta ƙasashen da ba wanda zai taɓa takawa a cikinsu, har a kira magariba. Rannan ya kai ga gyara murya ya ce, "Game da zaɓen ga..." Wani ya tare shi, "Wasan yara! Ai kai ka buɗe muna ido." Aka yi dariya, shi ma ya yi. Yabo na da daɗi, kuma Tukur bai saba mayar da shi ba.

Da Jatau ya tare shi a hanyar masallaci, Tukur ya ce masa, "Kwantar da hankalinka, na yi kaffara." Jatau ya riƙe hannunsa da hannu biyu, idonsa ya kawo ruwa. Bai tambayi inda aka yi ta ba, Tukur kuma bai faɗa ba.

A ransa ya riga ya tsara dabara. Ranar zaɓe zai sa babbar riga ya bi ta tsakiyar gari zuwa makarantar firamare inda aka kafa akwati. Duk wanda ya gan shi zai gane, sai su biyo shi. Ba sai ya buɗe baki ya ce ya yi kuskure ba.

Ranar zaɓen, Asabar da safe, haka ya yi. Ya sa rigar, ya rataya rediyonsa a kafaɗa don bai san fita ba shi ba, ya bi ta gaban durumi a hankali. Magidanta na zaune. Ya yi sallama, suka amsa, ya wuce yana jin idanunsu a bayansa. Bai waiwaya ba sai da ya kai ƙofar makaranta. Da ya waiwaya, ba kowa a bayansa sai wata tunkiya.

A filin makarantar ma'aikatan zaɓe na zaune a inuwa suna hamma. 'Yan layin da ke akwai yawancinsu motar Alhaji Bello ce ta kwaso su daga ƙauyukan gefe. Jatau na tsaye can da 'yan mutanensa. Da ya hango Tukur fuskarsa ta washe, ya leƙa bayansa yana neman sauran. Ya daɗe yana kallon hanyar.

"Suna tahe?" ya tambaya.

"Za su zo," in ji Tukur.

Ya tsaya a gefen layi, ba kati, ba abin yi. Zuciyarsa ta ce ya koma durumi da gudu ya faɗa musu, tafiyar ba ta da nisa. Ya ce bari dai a ƙara jimawa, wataƙila suna shiri. Yana nan yana bari a jima har aka rufe tantance masu zaɓe. Aka jefa ƙuri'a, aka zazzage akwati a gaban kowa aka ƙirga, ba a daɗe ba don ba yawa, Alhaji Bello ne ya yi rinjaye. Jatau ya sa hularsa, ya yi wa ma'aikata godiya ɗaya bayan ɗaya, ya bi ta gaban Tukur ya fita. Da zaginsa ya yi da ya fi wa Tukur sauƙi.

Washegari bayan la'asar durumi ya cika fiye da kullum. Aka sa Tukur ya kama tashar nan. Mai labarai ya ce a mazaɓar Furfuri jama'a sun fito ƙwansu da kwarkwatarsu, maza da mata, sun tabbatar wa Alhaji Bello ƙaunarsu. Wuri ya kaure da shewa.

"Ƙwansu da kwarkwata! Mu da muna nan zaune?"

"Malam, ai mun gane ka jiya. Da munka ga ka rataya rediyo munka ce, ya tahi ya gano muna ƙaryarsu da idonai. Ba mu labari!"

"Gaskiyarka, Malam. Da mun tahi da mun sha rana a banza."

Tukur ya kashe rediyon. Bai taɓa jin kalmar "gaskiyarka" ta yi masa ɗaci ba sai yau. Ya dubi fuskokinsu, mutanen da suka ba shi kunnuwansu shekara da shekaru.

"Ba kallo nat tahi ba," ya ce. "Na warware rantsuwata tun kafin zaɓe. Liman ya ce halal ne. Na yi kaffara."

Wani ya tambaya a hankali, a ina, don ba wanda ya ga an auna hatsi.

"Tsafe."

Bawa bai ji ba, ya dafa na kusa da shi. Aka sunkuya aka faɗa masa a kunne da ƙarfi, har kowa ya sake jin maganar daga farko. Tsohon ya daɗe yana kallon Tukur. Sannan ya sa hannu a aljihun gaba, ya zaro katinsa, sabo fil, ko lanƙwasa babu.

"Jiya tun da asuba yana nan," ya ce. "Jatau ya yi man alheri da yawa. Nac ce in Malam ya tsaya ya ce muna mu tashi, ni ko azumi ne sai in yi. Kaz zo, kay yi sallama, kaw wuce."

Daga can gefe wani ya taɓa aljihunsa, wani ma ya taɓa nasa. Bawa ya miƙa hannu ya ajiye katin a kan tabarma, gaban gwiwar Tukur, ya dogara sandarsa ya tashi.