Zagaye Ɗaya Saboda Kawu

Malam Shu'ibu bai taɓa hawa jirgin sama ba, amma a teburin mai shayi na Auyo babu wanda ya kai shi sanin jirgi. Ai ɗan ƙanwarsa, Abdulfattah, shi ke tuƙa ƙaramin jirgin da ke feshin tsuntsaye jan-baki.

Bana jan-baki suka sauka a shinkafarsa. Ya yi ihu har murya ta dushe, ya buga galan har galan ya fashe. Da ya ji za a yi feshi a Guri, sai ya ɗauki waya.

"Ɗan nan, in ka gama da mutanen Guri ka biyo ta kaina. Zagaye ɗaya."

"Kawu, man da ake zuba mana aunanne ne, na zuwa da komawa."

"Rufe mini baki! Babur ɗina in ya shanye mai, kwantar da shi nake in girgiza, ya kai ni har ƙofar gida. Naka mai fiffike ne zai kasa? Ko sai na haɗa ka da uwarka?"

Abdulfattah ya yi dariya. "Allah ya huci zuciyarka, Kawu."

Bayan la'asar Malam Shu'ibu ya tara maƙwabtan gona, ya gyara zaman hula. Jirgin ya ɓullo ƙasa-ƙasa, ya zagaya gonar, ya kaɗa fiffike.

"Kun gani? Gaishe ni yake yi!"

Sai injin ya yi tari. Ya ƙara. Ya yi shiru, irin shirun da kowane mai babur ya sani. Malam Shu'ibu bai ankara ba, ga shi ya karkata gefe guda, hannuwansa suna girgiza iska.

Jirgin ya faɗa cikin ciyawar kacalla, can ƙetaren ruwa. Kafin masu kwalekwale su sare hanya su isa, rai ya yi halinsa.

A zaman makoki ƙanwar Malam Shu'ibu, 'Yar'azumi, uwar marigayin, ta dube shi, ido a kumbure. "Yaya, me ya kawo shi nan? Ai ba hanyarsa ba ce."

Ya ɓoye mata maganar wayar. Abu guda yake lallashin zuciyarsa da shi: yaron aiki ya zo yi, abincin bayin Allah ya zo ceta.

Ranar da aka zo kwashe tarkacen jirgin, ya matsa kusa da wani abokin aikin marigayin.

"Malam, feshin dai ya samu, ko?"

"Wane feshi, Baba? Maganin tun a Guri ya ƙare. Da tankin magani wayam ya zo."