Igiyar Linwood

Tun jirgin ruwan yana nesa Verna ta san na ƙaninta Linwood ne. A Vinalhaven babu mai fita kamun ƙaguwa da jirgi mai farin ƙyallen kama iska kamar labulen ɗakin amarya. Shekara talatin bai taka tsibirin ba, yau ga shi iska ta kaɗo shi, ya ɗauko wani Mista Prescott mai son sayen gadar katakon mahaifinsu, inda jiragen ruwa ke tsayawa, ya mai da ita wurin shan shayin baƙi. Rabin gadar na Verna ne, a nan take sauke kamunta kullum, kuma Linwood ya yi wata uku yana mata naci a waya ta sayar har ta fara gajiya.

Ya diro da hular kyaftin da farin takalmi. Verna ta dube shi, ta ji kunya ta kama ta a madadinsa.

"Yaya Verna! Har yanzu dai ƙarnin nan?"

"Shi ya biya maka makaranta."

Ruwan teku, da ke hawa yana sauka kullum, ya cika maƙil a lokacin. Linwood ya ja igiya ya ɗaure jirgin tamau a jikin turke, ko taku ɗaya na rarar igiya bai bari ba, yana gaya wa baƙonsa wai teku a jininsu take. Verna ta kalli igiyar, ta kalli ruwan, ta ci gaba da wanke kwandunanta.

Linwood da baƙonsa suka haura gari kallon tsofaffin ramukan fasa dutse. Banza ta kori wofi, in ji Verna a ranta. Awa huɗu suna yawo da cin abinci, ruwa kuwa ba ya jiran mai hula. Ya janye, ya yi ƙasa da ƙafa takwas.

Da suka dawo, jirgin na rataye da igiyarsa a karkace kamar akuya a hannun mahauci, ƙarfen ɗaurin ya tsage katakon gefensa. Masunta sun jeru a bakin gada, babu mai dariya, abin da ya fi dariyar ciwo ke nan.

"Ka ce a nan aka haife ka?" in ji Prescott. Bai jira amsa ba, ya tambayi ƙarfe nawa jirgin fasinja ke tashi.

Linwood ya juyo. "Kina gani fa, Yaya! Me ya hana ki gaya mini?"

"Baba ya gaya maka a bar wa igiya rara," in ji ta. "A kan turken nan, kana ɗan shekara shida."