Mako Biyar Babu Ruwa

"Ajiye bokitin nan, 'yar nan."

Mai Ɗinki ta tsaya cak a gindin bishiyar lemo, ruwa na ɗiga a kan silifas ɗinta. Maƙwabcinta ne, Baba Mai Lemo, yake magana ta tagar ɗakin da yake jinya. Ko kofi ba ya iya ɗagawa, amma idonsa na kan lambunsa.

"Baba, ganyen fa ya fara nannaɗewa."

"Haka nake so. Lemo shagwaɓaɓɓe ne kamar mijinki, in ya ƙoshi kullum ba ya aikin komai sai ganye. A ƙarshen rani ake hana shi ruwa mako biyar. Ki baza masa busasshiyar ciyawa a gindi, kar ta taɓa jikinsa. Ranar da suka cika, ki shayar da shi har ƙasa ta ƙi sha. Sai fure."

"In ya mutu fa?"

"Kankare ɓawon da farce. In kin ga kore, da ransa."

A mako na uku Baba ya cika, da hantsi, matarsa Inna na gyara masa matashi. Gida ya cika da masu ta'aziyya. Duk wanda ya wanke hannu sai ya nufi lemon da ragowar ruwan, don tausayi. Mai Ɗinki ta jawo kujera ta zauna a gabansa, tana share hawaye tana mayar da mutane. Har ta ji wata na cewa, "Daga rufe idon mai shi, an fara yi wa itacensa rowa."

Da aka watse, babban ɗan Baba, direban da ya zo daga nesa, ya fito da gatari.

"Yaya, wannan ya bi mai shi. Gara in sare kafin in koma, kar Inna ta riƙa kallon gawarsa."

"Saura mako ɗaya," in ji Mai Ɗinki.

"Jibi zan tafi."

Rabin ganyen na ƙasa. Ita kanta ta kasa kankare ɓawon, don tsoron abin da za ta gani. Ta kama babban yatsansa ta ɗora a kan reshe.

"Kankare."

Ya kankare. Kore shar, da danshi. Ya daɗe yana kallon farcensa.

"Tun muna yara Baba yake korar mu in mun nufo shi da bokiti," in ji shi. "Mu duk a zatonmu maƙo ne."

Ya jingine gatarin a bango.

Ranar da mako biyar ya cika, Mai Ɗinki ta yi ta jigilar ruwa har kafaɗunta suka ƙage. Bayan kwana goma sha biyu tana shanya sai ta ji ƙamshi ya tsallako katanga. Ta leƙa. Inna ta buɗe tagar da ke rufe tun ranar rasuwar, ta dafa ƙarfen tana kallon rassan da suka yi fari da fure. Ƙudan zuma ɗaya ya bi ta gefen kunnenta ya shige ɗakin, ba ta kore shi ba.