Kududdufin da Ya Washe

"Tunda man girki ne, ai sai ka ɗaga ka sha mu gani," in ji babban ɗana, mai kifi, yana nuna jarkar da ya dire a tsakiyar falo.

"Yaya, ni ban ce a sha ba. Cewa na yi asalinsa man suya ne. Abin da mutane suka ci suka tashi lafiya ne zai kashe gansakuka?"

Mai wannan amsa Autana ne, wanda unguwa ke kira Injiniya, ko da yake har yau ban ga makarantar da ta ba shi ba. Sana'arsa bin masu suya yana karɓar baƙin man da suka gama da shi. Ya kai shago ya tace, ya zuba masa wasu sinadarai ya kaɗa, sai ga man da ke tada janareta. Yana samu, ba laifi, har tumbi ya fara ajiyewa.

Ni kuwa ina kujerata ta bakin taga, na lumshe ido don a ɗauka gyangyaɗi nake.

Ga yadda abin yake. Mai kifi yana da kududdufai uku na siminti a bayan gida, yana renon 'ya'yan karfasa. Ruwansu kore ne shar, saboda gansakukar nan mai laushi da ke yawo a ciki, kuma ita ce abincin ƙananan. Kwanakin baya sauro ya dame mu. Auta, sarkin taimako, ya ji an ce in aka watsa mai a kan ruwa 'ya'yan sauro ba sa kai labari. Bai tambayi kowa ba ya zagaya da jarkarsa. Sai ruwan ya fara washewa, har kana hango ƙasa. Ni ma na yaba, na kira maƙwabciyata ta katanga na ce ta zo ta ga tsafta. Washegari kifaye suka taso sama suna buɗe baki kamar masu neman magana, daga baya kuma suka juya ciki.

Kududdufi biyu sun tafi. Saura na ƙarshe, wanda raga ke rufe da shi, shi ya sa hannun Auta bai kai can ba. A ciki mai kifi ya juye ɗan abin da ya tsamo da rai. In wannan ya bi sauran, sana'ar ta ƙare, don ba shi da wani iri.

Surukata, matar mai kifi, ta fito daga kicin riƙe da kwalabe biyu. A ɗakin gwajin ruwa take aiki, kuma ba ta iya ɗaga murya ba, abin da ya sa nake ɗan shakkarta.

"Injiniya, duba nan. Ruwa ɗaya na ɗebo daga kududdufin ragar, na raba. Taga ɗaya suka zauna, rana ɗaya suka sha. Wannan ban taɓa ta ba. Wannan na sa mata ɗigo ɗaya na manka."

Ta farko kore ce har ta fi da. Ta biyu ta koɗe, wani abu kamar dusa ya kwanta a gindinta.

"Anti, ke ai dole ki bi bayan mijinki."

"Bayan kwalba nake bi. Tun da ka haɗa shi da sinadari ya tashi daga man suya, ya zama abin da muke kira esta. Shi ya hana gansakukar hayayyafa, ta mutu ta zube ƙasa. In tana ruɓewa kuma sai ta cinye iskar da kifin ke shaƙa. Ga yunwa, ga shaƙewa."

"Ɗigo ɗaya fa kika ce."

"Ɗigo ɗaya."

Na ga maƙogwaron Auta ya motsa. Tun yana yaro haka yake yi in akwai sauran magana a cikinsa. Na buɗe idon gaba ɗaya, na daina wasan barci.

"Inna, ki yi masa magana," in ji mai kifi. "Ko haƙuri bai ba ni ba."

"Ni me na sani? Da ku da kifin duk sai dai in yi muku addu'a."

Mai kifi ya zauna a hannun kujera, ya share fuska da hularsa. Muryarsa ta sauka. "Shi ke nan. Na ragar dai Allah ya tsare. Sun yi masa yawa, shi ya sa na jona tiyo daga babban tanki tun ɗazu, ruwa na shiga a hankali. In suka samu sarari za su farfaɗo."

Auta ya dubi jarka, ya dubi ƙafarsa.

"Wane tankin?"

"Tanki nawa muke da shi?"

"Yaya... ai murfinsa a fashe yake. Nan ne ma sauron ya fi yawa."

Surukata ta ajiye kwalaben a kan tebur.

"Nawa ka zuba?" ta tambaya.

"Ban auna ba, Anti. Abin da ya rage a ɗaya jarkar."

"Man a sama yake tsayawa," ta ce da mijinta da sauri. "In tankin bai yi ƙasa sosai ba, wataƙila bai riga ya..."

"Rabi ne da na jona," in ji mai kifi.

Auta ya miƙe. "Bari in zo in kama maka."

"Ka zauna nan kusa da Inna. Kada ka sake taimaka mini."

Ko takalmi mai kifi bai tsaya nema ba. Ya fita ya bugo ƙofar, sai da ƙura ta zubo daga silin.