Gwiwar Khiem

Karo na uku ke nan Lua tana sa direba ya tsaya, alhali ko awa ɗaya ba su yi da barin tsakiyar birnin Hue ba. Na farko ta ce ta manta maganin hawan jini, sai ga shi a jakarta. Na biyu ta ce amai take ji. Wannan karon turaren tsinke ta hango an baje a bakin hanya, ja da kore da ruwan ɗorawa, ta kafe ita dai sai ta saya.

"Goggo, akwai turare a duk inda za mu je," in ji Thuan, matar da ke yi musu jagora, tana duban agogon hannunta.

"Na can bai kai wannan ƙamshi ba."

"Daga nan ƙauyen fa ake kai musu."

"To kin ga gara a saya a tushensa."

Mutum goma sha biyun da ke cikin motar suka hau gunaguni. Khiem, wanda ke zaune kusa da ita, ya janye ƙafa ta wuce. Mutum ne da ya shekara talatin da huɗu yana tayar da jirgin ƙasa a kan minti kafin ya yi ritaya, kuma a duniya ba abin da ya tsana kamar latti. Amma saura kwana goma sha tara a ɗaura aurensa da Lua, kuma ko ɗan shekara sittin ne, ango ango ne. Sai ya haɗiye.

Shi ne ma ya shirya tafiyar. Daga arewa ya zo Hue zama wajen 'yarsa bayan rasuwar matarsa, ya ci taliyar Lua mai romon naman sa a bakin kasuwa, yaji ya sa shi hawaye, gobe ya dawo, jibi ya dawo, har magana ta zama babba. Jiya sai ga shi da takardar yawon kwana ɗaya yana murmushi: hubbaren sarakuna biyu da safe, abincin rana, sannan jirgin ruwa zuwa haikalin Uwar Sama. Layin ƙarshen nan ne ya tayar wa Lua hankali.

Duk ɗan Hue ya san zancen. Saurayi da budurwa ba sa hawa matakalar haikalin nan tare kafin aure. In sun hau, ba za a yi auren ba. Masu ilimi suna dariya, sufayen haikalin ma sun gaji da cewa ƙarya ce, amma Lua ba labari ta ji ba. Shekara ashirin da takwas da suka wuce ta hau matakalar nan da wani Hao, an riga an sa musu rana. Wata biyu bai cika ba ya tafi kudu neman aiki, daga can sai labarin aurensa. Ita kuwa ta zauna gaban tukunya har furfura ta same ta a nan. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Me ya hana ta gaya masa? Kunya mana. Ba ta taɓa ambata masa Hao ba. Kuma ranar da ta je wajen mai duba ya zaɓa musu ranar biki, sai da Khiem ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce su a tashar jirgi ba sa tambayar taurari kafin su tashi. Yaya mace mai shekara hamsin da ɗaya za ta buɗe baki ta ce tsoron matakala take ji? Don haka da Thuan ta sanar da safe cewa jirgin ruwa ƙarfe uku yake tashi, ba ya jiran kowa, in an makara sai dai a haƙura da haikalin, sai Lua ta ga ƙofa. Tun daga nan ta shiga satar mintoci.

Hubbaren farko a jikin tudu yake, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, matakalarsa ɗari da ashirin da bakwai. Khiem ya naɗe ƙafar wando ya haye bibbiyu, ya wuce samarin cikin motar, ya tsaya a sama tsakanin fadawan dutse yana bubbuga gwiwoyinsa.

"Kun gani? Gwiwar ma'aikacin jirgi ke nan! Lua, ko in sauko in goyo ki?"

"Goya kanka, Yaya. Ni a hankali zan zo."

A hankali ɗin kuwa ta zo. Matakala biyar ta huta, biyar ta gyara malafa, biyar ta tsaya kallon tsaunukan da ta buɗe ido ta gani tun tana goye. Ita da ke ɗaukar tukunyar romo ta haura gada da asuba, yau ta zama tsohuwa tukuf. Tana tsakiyar hawa wayarta ta yi ƙara. Yayarta ce, Gam.

"Kin gaya masa?"

"Ban gaya ba."

"Ke dai kin cika taurin kai. To me kike jira, sai kun hau?"

"Ba za mu isa ba ma. Na riga na ci musu minti arba'in."

"Tabɗi! Wato motar mutane kika kama kika riƙe saboda bakinki ya yi nauyi? Ki faɗa masa, Lua. In ya yi dariya, dariya ba ta kisa."

"Ke ba ki san dariyarsa ba," in ji Lua, ta kashe wayar.

Hubbare na biyu fili ne shimfiɗe, da tafki cike da bado da rumfar katako a bakinsa. Thuan ta tara su tana bayani da sauri-sauri kamar ana korarta: sarkin nan mata sama da ɗari ya aura bai samu ɗa ba, ya gina wurin tun yana da rai, kuma ana cewa ba ma a nan aka binne shi ba. Wani ɗan kudu mai ƙaton ciki ya ce, "Mata ɗari? Ai dole ya ɓoye inda yake kwance!" Aka kwashe da dariya. Cikin dariyar Lua ta sulale.

Ta bi bayan wani bango da gansakuka ya cinye, ta zauna a kan dutse, turarenta a cinya. Ta ji ana kiran sunanta, ta ƙi amsawa. Ta ji muryar Thuan, ta ji ta direba, ta ji har ɗan kudun yana ihun "Goggo mai turare!" Ta kasa zaune ta kasa tsaye, ta tashi, ta koma, ta ciro waya ta duba lokaci, ta mayar, ta sake cirowa. Ita kanta ta san abin da take yi bai kyautu ba.

Khiem ne ya gano ta. Rigarsa ta jiƙe sharkaf, da alama har bakin tafkin ya zagaya yana leƙa ruwa. Ya daɗe tsaye yana kallonta.

"Kina jin mu?"

"Ban... hanya ce ta ɓace mini."

"Ke 'yar Hue? A nan?"

Ta sunkuyar da kai. Ya zauna a ɗaya ƙarshen dutsen, ya bar fili tsakaninsu wanda mutum biyu za su zauna.

"Lua, ni ba yaro ba ne. Tun jiya da na kawo takardar nan ba ki dubi idona ba. Kin ƙi zama kusa da ni a hoto. Yanzu kuma kin ɓuya. Na ga fasinjoji da yawa da suka sayi tikiti, jirgi na shirin tashi sai su fara neman bayan gida. Na san mai son fasa tafiya in na gan shi." Ya goge fuska da hankici. "In kin canza shawara, ki faɗa tun ba a gayyaci mutane ba. Ba zan riƙe ki a zuciya ba."

"Yaya, ba haka ba ne."

"To yaya ne?"

Ya jira, ya jira, sannan ya tashi ya ce mutane na jiransu. Ta bi bayansa. An gudu ba a tsira ba: ko ƙafa ba ta sa a matakalar ba, ga auren yana neman zamewa daga hannunta, kuma da hannunta take tura shi.

Wajen cin abinci ya zuba mata shinkafa, ya tsince mata ƙayar kifi kamar yadda ya saba, amma bai ce da ita kanzil ba. Shirun nan ya fi mata faɗa ciwo. Ta duba waya, biyu da rabi. Daga nan zuwa mashigar jirgi akwai tsayawa a shagon alewar riɗi, ko ba komai an makara. Sai ta ji Thuan tana tafa hannu.

"Jama'a, na yi magana da direba. Mun soke shagon alewa, saboda wasu," ta ɗan dubi Lua, "sun shanye mana lokaci. In mun tashi yanzu za mu samu jirgi."

Uku saura minti huɗu suka isa. Duk wahalar ranar ta tashi a banza, alewar mutane kawai ta jawo musu asara.

Matar mai jirgin, Sen, tana tsaye a bakin katako tana kama hannun masu shiga. Shekara goma tana cin taliyar Lua. Ta dube ta, ta dubi Khiem, ta ƙwalo ido, ta jawo ta gefe.

"Ke! Ba angon ba ne wannan? Da shi za ki hau can? Kin manta da Hao?"

"Rufa mini asiri, Sen."

"Bai sani ba?"

"Ki yi shiru na ce."

"Ni? Ai bakina ƙanin ƙafata," in ji Sen, wadda duk kasuwa ta san magana ba ta taɓa kwana a bakinta ba.

Jirgin ya kama Kogin Ƙamshi, inji na ta ruri. Lua ta zauna a gaba ita kaɗai. Da ta waiga sai ta hango Khiem can baya wajen teburin tsarabar Sen, yana jujjuya wani mafici, Sen na magana da hannu da ka. Ciniki suke ko me, ƙarar inji ba ta bari ta ji ba, kuma ba ta da sauran ƙarfin damuwa. Ta zuba wa ruwa ido. In ta ƙi hawa, zai ɗauka shi ne ba ta so, kuma yau ɗin nan za ta rasa shi. In ta hau, wataƙila ta rasa shi, wataƙila ba ta rasa ba. Da hasumiyar haikalin mai hawa bakwai ta ɓullo a bayan itatuwa, ta riga ta yanke.

Suna sauka ta je ta kama hannunsa a gaban kowa, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Mu je, Yaya. Tare."

Ya dube ta sosai. Suka tsallaka titi zuwa gindin matakala. Ya ɗaga ƙafa ya ɗora a ta farko, sai ya saki ƙara.

"Wash! Wayyo gwiwata!"

Ya dafe gwiwar hagu ya zube zaune a kan dutse yana yamutsa fuska. Thuan ta rugo.

"Baba! Kai da ka hau ɗari da ashirin da bakwai kana yi mana gori?"

"Su ne suka kama ni yanzu, 'yata. Tsufa ba ya sallama."

"Ina gwiwar ma'aikacin jirgi?" in ji ɗan kudu.

"Ta yi ritaya ita ma." Ya juyo wajen Lua. "Ki hau ke kaɗai. Kin wahalar da mota guda a kan turaren nan, kar ya koma gida. Ki kunna mana mu biyu. Kawo malafar in riƙe miki."

Ta hau. Ba ta huta ko sau ɗaya ba. A gaban gunkin Buda ta kunna tsinke uku, ta fifita wutar da hannu har ta mutu, ta soka su a toka. Ta buɗe baki za ta yi roƙo ta rasa abin cewa, ban da dai a ba gwiwar nan lafiya, don da gaske hankalinta ya tashi. Mutum ya kai sittin, ga biki ya matso.

Da ta fito ta tsaya a gindin hasumiya ta leƙa ƙasa. Yana nan zaune. Sai iska ta taso daga kogi ta fizge malafar daga cinyarsa, ta gangara da ita kamar gare-gare. Khiem ya yi zumbur ya miƙe. Ya tsallake kwandon wata mai sayar da rake, ya kauce wa babur, ya sauka gangaren kogi a guje, ya cafke malafar tana dab da ruwa. Ya kaɗe ta, ya dubi dama, ya dubi hagu. Sannan ya kamo hanyar dawowa yana ɗingishi, abin tausayi.

Lua ta toshe baki da hannu. Dariya ce ta fara zuwa, kuka ya riga ta fita. Ta tsaya a nan har ta gama, ta share fuska da gefen riga, ta sauko.

Ta durƙusa a gabansa, ta ciro 'yar kwalbar koren man zafi da ba ta rabuwa da ita.

"Wacce ce, Yaya?"

Ya miƙo mata ta dama. Ɗazu ta hagu ya dafe, amma sai kawai ta naɗe masa wandon ta shafe duka biyun.

"Wurin da kyau?" ya tambaya, yana kallon kogi.

"Da kyau. Ya kamata ka gani."

"Zan gani. Ma dawo."

"In gwiwar ta warke."

"Za ta warke," in ji shi, yana ɗora mata malafar a ka. "Matar mai jirgin nan ta san irin ciwon. Ta ce kwana goma sha tara yake yi."